Haukan kare: Rigakafi ya fi magani a kudancin Sakkwato

Da zarar an kammala girbi a kudancin jihar Sakkwato, mafarauta a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe kan shiga daji da karnukansu, kamar yadda suka gada kaka da kakanni.

A rugagen Fulani ma kare ne ke gadin garke, yayin da kyanwa ke tsare hatsin gida daga ɓarnar ɓeraye.

Malaman Musulunci dai sun halatta ajiye kare domin farauta, ko gadin dabbobi, ko tsaron gona. Sai dai duk da wannan amfani nasa, ba kasafai ake kai shi wajen likitan dabbobi ba, domin saniya da rago ne ake ɗauka a matsayin dukiya.

Wannan sakaci kuwa ba a kan karen kaɗai yake tsayawa ba.

Kaska da ƙazuwa da tsutsar ciki su ne suka fi addabar karnukan karkara. Akwai ma wata tsutsar da kare ke ɗauka idan ya ci ɗanyen kayan cikin dabba a mahauta, sannan ya watsa ƙwayayenta ta hanyar kashinsa, su shiga hanta ko huhun tumaki da mutane.

Cuta mai kisa

Amma babu wadda ta kai cutar haukan kare haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cutar na hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kuma kashi 95 cikin ɗari na mace-macen na aukuwa ne a Afirka da Asiya.

Hukumar ta ce kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kyanwa ma na iya yaɗa ta idan ta ciji mutum ko ta yakushe shi.

Cutar kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, a lokacin da ciwon ya riga ya warke, an kuma manta da cizon. Idan alamunta suka fito, kamar firgita da tsoron ruwa, da wuya mutum ya rayu.

Shi ya sa likitoci ke cewa a wanke wurin cizon nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti domin fara allurar rigakafi, ba tare da an tsaya jiran maganin gargajiya ba.

Shi kuwa karen, idan da hali a killace shi na kwana 10 a ga yadda zai kasance. In kuma an kashe shi, jami'an kula da dabbobi na iya aika kansa a gwada.

Nisa da tsada

A nan ne mazauna karkara ke shan wuya. Allurar ba sau ɗaya ake yin ta ba, kuma tana buƙatar ajiya a cikin sanyi, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana birnin Sakkwato ne, kimanin kilomita 100 daga Tambuwal. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi wasu sassan Kebbe a 'yan shekarun nan sun ƙara sa zirga-zirga ta yi wuya.

Masana dai sun daɗe da nuna cewa hanya mafi araha ita ce a toshe cutar daga tushe. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allura, aka kuma ci gaba da yi duk shekara, cutar kan daina yawo a tsakaninsu.

Najeriya ba ta rasa abin yi da shi ba, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana haɗa allurar karnuka.

Wa'adin 2030

A shekarar 2022 ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar, daidai da burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane sakamakon cizon kare nan da shekarar 2030. A 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya.

Tun daga 2007 ake ware ranar 28 ga watan Satumba domin faɗakarwa a kan cutar, amma taron rana ɗaya a birane ba zai kai ga karen da ke ruga ba.

Abin da zai iya sauƙaƙa aikin a Tambuwal da Kebbe shi ne, karen farauta da na ruga suna da masu su, kuma mafarauta na da sarakunansu, makiyaya na da arɗo-arɗonsu. Ta hannunsu ana iya tara karnukan a ranar da ake yi wa shanu allura.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi za su sa kare cikin lissafin dabbobin da ake kula da lafiyarsu kafin wa'adin ya cika.