Kafin Ka Kira Birkila: Gyaran Gida, Bashi Da 'Yancin Kanka

 Yau za mu taɓa batun da kusan kowane gida ke tattaunawa da zarar ruwa ya ɗauke, ko Sallah ta ƙarato, ko an sa ranar bikin wata a cikin 'ya'ya, wato gyaran gida. Uwargida na son a sa tayil a falo, maigida na hangen sola, yara sun girma ɗaki ɗaya ya yi musu kaɗan. Duk buƙatu ne na gaskiya. Amma kafin ka aika a kira birkila, ina so mu zauna mu yi lissafin da ba ya fitowa a takardar da zai rubuto maka.

Takardar birkila tana nuna buhun siminti nawa, bulo nawa, tifar yashi nawa, sai kuɗin aiki. Ba ta nuna watanni nawa za ka yi kana biya, ko Asabar nawa za ka rasa kana tsaye a kan leburori, ko abin da za ka haɗiye a wurin aiki saboda ba ka da halin cewa a'a. Ta nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne a fili. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na wannan shekarar, kayan gini suka daina tsayawa wuri guda. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta kira manyan kamfanonin siminti zama. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, Naira 70,000 ne. Ka ga ke nan albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci bai wuce 'yan buhuna ba. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, farashin da aka ba ka yau ba lallai ya kai ƙarshen wata ba. Kuma duk wanda ya taɓa fasa bango ya san ana fasawa ake ganin wata matsalar: bututun ruwa ya ruɓe, waya ta tsufa, katakon rufi gara ta cinye. Shawarata ita ce, duk abin da aka ce maka, ka ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a kai. In jimillar ta fi ƙarfinka, to aikin ne ya fi ƙarfinka a yanzu, ka rage shi ko ka jinkirta.

Ga wata hanya da nake ganin ta fi saurin farkar da mutum. Ka daina lissafa gyaran da Naira, ka lissafa shi da kwanakin aikinka. A ce albashinka Naira 300,000 ne a wata. Ka ci bashin miliyan ɗaya da rabi don tayil da silin na zamani da fenti, za ka mayar da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas cikin wata 18. Wato dubu ɗari kowane wata, kashi ɗaya cikin uku na albashin. In ka tara, albashin wata shida ne cur. Wata shida kana tashi da asuba, kana shan cunkoson Mararaba zuwa cikin Abuja, ko na Agege zuwa tsibirin Legas, duk don falon da ba ka shigowa cikinsa sai bayan Isha'i. Idan ka yi wannan lissafin ka ga har yanzu ranka na so, bismillah, kuɗinka ne kuma guminka ne. Amma ka yi shi ido buɗe.

Ba haka kawai na zaɓi kashi ɗaya cikin uku ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta kafa wannan iyakar a kan jimillar abin da mai aiki zai iya cirewa daga ladan ma'aikaci a wata guda. Masu dokar sun san in aka wuce nan, tukunya ce za ta fara kokawa. Sai dai mutum da kansa yakan tsallake iyakar: bashin ƙungiyar ma'aikata daban, na banki daban, zubin adashi daban, ga mai kayan gini da aka karɓi tayil a hannunsa sai ƙarshen wata.

To ina maganar 'yanci ta shigo? Mai ɗan abin ajiya a gefe yana da baki. In shugabansa a wurin aiki ya wulaƙanta shi, zai iya neman wani wuri a natse. In aka kira shi cewa mahaifiya ba lafiya a Katsina ko Azare, zai hau mota a daren. In wata dama ta kasuwanci ta taso, yana da abin sa hannu. Wanda kuwa ya zuba komai a bango, ya kuma ɗora bashi a kai, ya ɗaure ƙafarsa da kansa. Bango ba ya komawa kuɗi ranar da yaro ya kwanta asibiti. Ba za ka ɓamɓare tayil ka kai kantin magani ba. Shi ya sa nake ganin kada a taɓa kuɗin gyara sai an ware abin da zai riƙe gida na wata uku, an kuma cire kuɗin makaranta na zango mai zuwa. Na san wani zai ce a wannan zamanin wa ke da ajiyar wata uku? To ko na wata ɗaya ne, ya fi babu.

Kuma jiki ma yana biyan nasa kason. Mai bashi yakan ƙara aiki: ma'aikaci ya koma haya da motarsa da daddare, ɗan kasuwa ya daina rufe shago ko ranar hutu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani nazari da ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin ɗari. Ka haɗa wannan da ƙarancin barci da tunanin ranar biya. Hawan jini ba ya sallama, da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da suka faɗi. In har ka shiga irin wannan zangon na matsi, ka riƙa auna jininka ko a kantin magani na unguwa ne.

Kada a fahimce ni da cewa gyara duk almubazzaranci ne. Akwai gyaran da jinkirta shi ne asarar. Kwanon da ke yoyo yana jiƙa bango, bango mai laima yana tara fumfuna, fumfuna kuma tana tayar da asma da tari ga yara, musamman a garuruwa masu yawan ruwa irin su Legas da Fatakwal. Ragar taga da ta ƙofa ba ta da tsada in aka kwatanta da silin mai fitilu, amma tana rage sauro, a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Toshe ramukan ɓera a kicin da ɗakin ajiya kariya ce daga zazzaɓin Lassa. Murfin rijiya mai ƙarfi yana iya zama tsakanin ɗanka da mutuwa. Wayar lantarki da ta tsufa tana tartsatsi, masai da ke tsiyaya kusa da rijiyar sha, wurin ajiye janareta da ke hura hayaƙi cikin ɗakin kwana, waɗannan ko da bashi ne a gyara su, domin hayaƙin janareta ya sha kashe iyali guda cikin barci. Abin mamaki, su ne aka fi ɗagawa zuwa baɗi, saboda baƙo ba ya ganinsu.

Akwai kuma gyaran da ke mayar da kuɗinsa. Sola ce babban misali, musamman tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A a Afrilun 2024. In janaretanka na shan lita uku a rana, a ce lita Naira 900, kana ƙona kusan dubu 81 a wata ban da kuɗin gyara da baƙin mai. Ƙaramar sola da za ta riƙe fanka da fitilu da cajin waya tana iya fanshe kanta. Sai dai ka sa a lissafi cewa batir yana mutuwa, za a sake saye.

Amma tayil mai santsi a banɗaki, a gidan da akwai tsohuwa ko mai juna biyu, wannan sayen haɗari ne da kuɗinka. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Ka nemi mai kaushi ko da bai kai wancan sheƙi ba.

Yawancin mu da ke zaune a Kudu da kewayen Abuja 'yan haya ne, ga kuma wani gini da aka fara a gida shekara da shekaru. Nan akwai tarko biyu. Na farko, ka kashe kuɗi ka ƙawata gidan haya, mai gida ya leƙo ya ga ya yi kyau, shekara na zagayowa ya ƙara maka kuɗin haya ko ya ce ɗansa zai yi aure. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar neman diyyar gyaran da ya yi idan aka tashe shi, amma da sharaɗin ya samu amincewar mai gida a rubuce kafin ya fara. "Ai mun yi magana da Baba" ba hujja ba ce a kotu. Ko a wace jiha kake, ku rubuta, ku sa hannu, a kuma fayyace ko za a cire kuɗin daga haya. In ya ƙi, ka tsaya ga abin da za ka iya kwancewa ka tafi da shi. Tarko na biyu shi ne ginin gida, inda ake aika kuɗi wata bayan wata, iyali na cushe a ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Sabon Ibadan, ana ƙawata gidan da ba a kwana cikinsa sai mako guda a shekara. Mallakar muhalli a mahaifa abu ne mai kyau, ba na musu. Amma yaranka a nan suke girma, a nan suke shaƙar iska.

Idan bashin ya zama dole, to a duba inda za a ci shi. Ka guji manhajojin bashi na waya masu ba da kuɗi cikin minti biyar. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere, kuma tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ke farautar waɗanda ke tura saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mutum. Ma'aikacin da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na Asusun Gidaje na Ƙasa ya tambayi ofishinsa game da rancen gyaran gida na Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, domin da yawa ana cire musu kuɗin ba su taɓa neman komai ba. Mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus, masu tsarin da za su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Ka lura dai, rashin ruwa ba ya nufin rashin nauyi, ƙarshen wata sai ka biya. Adashi ya fi duka sauƙi in kana da haƙurin jiran kwasarka.

Uwargida, ke ma ga taki. Sau da yawa in kuɗi ya yanke ana tsakiyar aiki, sarƙarki ko jarin sana'arki ake waiwaya. Dukiyarki taki ce. In kin ga dama ki bayar kyauta, in rance ne ki ce rance ne, a rubuta ko a sa shaida, musamman a gidan da ba ke kaɗai ba ce, ko gidan gado da 'yan uwa ke da haƙƙi a ciki. Jarin da kike juyawa shi ne ɗan 'yancinki, in ya shige bango sana'ar ta tsaya. A ɗaya gefen kuma, ki sassauta wajen kwatanta falonki da na ƙawa ko wanda kika gani a waya. Ba ki san abin da mijinta ke biya duk wata ba. Kai kuma maigida, ka buɗe mata lissafin tun farko. Ita ce ke yini a gidan, ta fi ka sanin cewa famfo a kicin ya fi mata sabon get amfani.

Saura maganar lokaci. Wasu don rage kuɗi sukan ce za su tsaya a kan aikin da kansu, ko su yi fenti da hannunsu. Fentin ɗaki ɗaya ba laifi. Amma wayarin da hawa rufi a bar wa masu shi. Kuma ka sani tsayuwa a kan ma'aikata aiki ne na biyu. In Asabar da Lahadi ne kaɗai kake ganin yaranka, wata uku na gini ya cinye su ke nan. Ya fi sauƙi ka ba da jinga, ku raba aikin mataki-mataki, ka biya bayan an gama kowane mataki, kayan kuma ka saya da kanka. Kada ka ba da kuɗin aiki gaba ɗaya, ko da ɗan uwanka ne. Ka kuma ɗauki ɗaki ɗaya a gama shi kafin a fasa na biyu, don in kuɗi ya tsaya kada iyali su kwana cikin ƙura.

Lokacin da ake aikin, a kwashe yara ƙanana da mai juna biyu da mai asma zuwa wani ɗaki ko gidan 'yan uwa. Ƙurar siminti da ta yankan tayil tana illa ga huhu, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara. Tsohon fenti, musamman na mai, yana iya ƙunsar dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a kankare shi a bushe yara na wasa a wurin. Tsohon silin na asbesto ma kada a farfasa shi cikin gida, a jiƙa shi a sauke shi a hankali. Bayan fenti a bar tagogi a buɗe na kwanaki kafin a koma kwana a ɗakin.