Filin Jirgin Zariya, Inda Ake Koyon Tashi Sama

Idan kin taɓa bin hanyar Samaru a Zariya, da an iso Palladan za ki ji ƙugin wasu ƙananan jirage masu farfela suna kewayawa ƙasa-ƙasa. Sai ki ga ɗaya ya sauko, tayoyinsa sun taɓa kwalta, ya sake tashi. Lafiyarsa ƙalau. Ɗan wata ne, ko 'yar wata, ke koyon sauka, malami na zaune a gefe.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, kwanan baya 'yar ƙanwata mai shekara 14 ta ce ita matuƙiyar jirgi za ta zama, aka kwashe da dariya a tsakar gida. Ban ji daɗin dariyar ba. Amma nasan "Allah ya sa" kaɗai ba zai kai ta ba, gara mu san me ke bayan shingen nan.

Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka a Kano, amma har aka sami 'yancin kai yawancin masu tuƙi da gyara Turawa ne. Shi ya sa a 1964 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar horo a Zariya, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO. Ita ce yau Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAT, har ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka na zuwa. Filin kansa ƙarami ne, titin sauka ɗaya, ba a sayar da tikitin Legas ko Jidda.

Kafin ɗaliba ta tashi, sai ta karɓi rahoton yanayi, ta zagaya jirgin da ƙafa tana duba taya da fukafukai da baƙin mai. Ta kan tsiyayi ɗan man jirgi a kofi mai garai-garai ta ɗaga, don ruwa kan kwanta a ƙasan tanki, kuma yana iya kashe inji a sama. Ba za ta motsa ba sai mutanen hasumiya sun ba ta izini ta rediyo, da Turanci. Daga nan sai tashi, kewaye, sauka, a maimaita har hannu ya faɗa. Rana ɗaya malamin zai fita ya rufe ƙofa, ya ce ta tashi ita kaɗai. A ce ke ce uwar, ranar ko tuwo ba zai wuce miki ba.

Mai koyo da ido yake tuƙi, yana kallon ƙasa da bakin sararin sama. Don haka idan hazon hunturu ya rufe gari, jiragen zama suke yi, karatu ya ja. A nan aljihu ke fara kuka, ga kuɗin abinci ga na zama, awoyi kuwa ba sa ƙaruwa. Lasisin farko, na tuƙi ba don kuɗi ba, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama. Na aikin kamfani kuwa kimanin awa 200 ne, kowace awa tana shan mai. Maganar miliyoyin naira ake yi. Kuma kada wani ya ruɗe ki cewa lasisi shi ne aiki: bayansa akwai wani horon na musamman kan irin jirgin da kamfani ke amfani da shi, shi ma da kuɗinsa. Akwai matasa riƙe da lasisi suna zaune a gida saboda wannan matakin. Wasu gwamnatocin jihohi kan ɗauki nauyin 'ya'yansu, sai a riƙa sa kunne.

Abin da ke hannunki yanzu ba shi da tsada: ta riƙe Lissafi, Fiziks da Turanci da kyau, sannan a duba mata ido, kunne da zuciya. Sa tabarau ba ya hana tuƙi, amma rashin bambance launuka, ja da kore, yana iya hanawa. Gara a sani tana aji huɗu na sakandare da a sani bayan an sayar da gona.

Kuma ba tuƙi kaɗai ake koyarwa a wurin ba. Akwai gyaran jirgi, aikin hasumiya, kula da na'urorin sadarwa, da hidimar fasinjoji. Mu iyaye kyaftin kawai muke hangowa, alhali ba ya tashi sai injiniya ya sa hannu.

Masu cewa ba aikin mace ba ne, ki ba su labarin Kyaftin Chinyere Kalu. A wannan filin ta koya, ta zama mace ta farko a Najeriya da ta sami lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, a 2011 kuma aka naɗa ta shugabar kwalejin gaba ɗaya.

Ita dai ƙanwata ta ce ranar Asabar za ta kai yarinyar asibitin ido. Idan akwai wadda ɗanta ko 'yarta ta yi karatu a Palladan, ta faɗa mana a ƙasa shekara nawa aka ɗauka, kuma wa ya biya.