Ba a Jini Tazarar Karatu Take Ba

Duk shekarar da aka fitar da makin shiga makarantun haɗaka na tarayya, sai tsohon gori ya tashi. A 2013, sai da maki 139 ɗan Anambara ya samu gurbi, ɗan Kaduna 91, ɗan Zamfara kuwa maki 4 ya ishe shi. Daga nan sai surutu ya ɓarke: wai akwai ƙabilar da Allah ya ba kai, akwai wadda aka yi don kiwo da dako. Abin takaici, har wasu iyaye a Arewa sun haɗiye wannan magana, suna cewa boko ba gadonsu ba ne.

Tazarar gaskiya ce, musanta ta yaudarar kai ne. Sai dai taswirar makarantu take bi, ba taswirar ƙabilu ba.

Legas ta samu sakandare tun 1859. Kano ba ta ga makarantar boko ba sai ta Ɗan Hausa a 1909, Kwalejin Katsina kuma sai 1922. Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan cikin masarautu, su kuma ba su gina isassun makarantu a madadinsu ba. A 1955 Awolowo ya mayar da firamare kyauta a Yamma. Saboda haka yaron Ijebu na yau, kakansa ma ya riƙe fensir. A cikin Jihar Kaduna kanta, gaba da Kwoi da Kagoro suka yi wa ƙauyukan Zazzau ta arewa ta samo asali ne daga makarantun da mishan ta SIM ta kafa musu da wuri.

Mai neman hujja ya leƙa Wusasa. A wannan ɗan gari da ke gefen Zariya, inda mishan ɗin Dokta Miller ta koma a 1929, makaranta guda ta tara yara daga gidaje iri-iri. Cikin jama'arta Dokta Barau Dikko ya fito, Bafulatani, likita na farko ɗan Arewa. Nan Ishaya Audu ya yi karatu, Bahaushen da aka haifa a Anchau, maƙwabciyar Ikara, wanda ya zama likitan yara, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Nan kuma Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Angas, ya zauna a aji. Jini uku, makaranta ɗaya, kowa ya yi fice. 'Yan'uwansu da suka rage a ƙauye babu makaranta, ba kai suka rasa ba.

To, a kwatanta da yaron ƙauyen Kurmin Kogi. Da kaka yana gona wajen karyar masara da sussuka. Da rani yana fadama, yana jido kwandon tumatir zuwa bakin hanya kafin motar 'yan sari ta iso. Takwaransa na Makarfi ko Kudan yana ɗaurin rake, ƙanwarsa na ɗauke da farantin talla ranar kasuwa. In ya samu zuwa aji, sau da yawa zaman ƙasa ne, malami ɗaya da yara fiye da yadda zai iya riƙe sunayensu. Ranar jarrabawa sai a miƙa masa takarda da Turancin da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa. Amma yaron nan shi ne ke wanke allo da asuba, ya kawo hadda babu gargada, ya yi wa mahaifinsa lissafin buhuna da ka. Wanda ya iya wannan ba daƙiƙi ba ne.

Batun malamai ma ba a ɓoye yake ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwajin darasin aji huɗu, 21,780 suka kasa kaiwa makin da aka gindaya. Ko me mutum zai ce game da korar da ta biyo baya, yaran da suka ratsa waɗannan ajujuwa ba ƙabilarsu ce ta kayar da su ba.

Shi ya sa rage wa ɗan Arewa makin shiga ba magani ba ne. Yana buɗe ƙofa ga 'yan kaɗan, galibi 'ya'yan birni masu gata, ya bar wa sauran gori kawai. Ɗan ma'aikaci a Unguwar Rimi cikin birni da ɗan manomi a Kurmin Kogi duk "Kaduna" ake rubuta musu, alhali sun fi nisa da juna fiye da ɗan Unguwar Rimi da ɗan Inugu.

Abin da ya kamaci hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, shi ne ta riƙa fitar da sakamakon karatu mazaɓa-mazaɓa, domin kansila da dagaci su ga inda yaransu suka tsaya. A ba malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye alawus da ɗakin kwana. A fara koya wa yaro karatu da rubutu da Hausa kafin a ɗora masa Turanci. Sannan ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan su zauna da iyaye da malaman tsangaya a daidaita lokutan aji da na gona, tun kafin kakar bana ta sake kwashe yaran.