Zomanya uku sun ishi mai farawa

Masu sha'awar kiwon zomaye don nama sukan tambaya da guda nawa ya kamata a fara. Ni dai amsata ita ce namiji ɗaya da mata uku, ko da mutum yana da kuɗin sayen ashirin.

Zomanya kwana 31 take goyon ciki, ta haifi 'ya'ya shida zuwa takwas. A kiwon gida, in ana barin ta ta huta, takan haihu sau huɗu a shekara. Mata uku ke nan za su ba ka sama da 70, in mutuwa ba ta ratsa ba. Mai mata goma kuwa, fiye da 200 ke jiransa, kuma kowanne sai an ciyar da shi wata uku ko huɗu kafin ya kai kilo biyu a yanka. A nan sabon shiga yake rikicewa. Ya tanadi keji na iyaye, ya manta cewa bayan yaye 'ya'yan ma suna son nasu, kuma sai an raba maza da mata kafin su balaga. Da cunkoso ya shigo, gudawa da ƙazuwar kunne na biye.

Sai abinci. Da damina ciyawa da ganyen dankali kyauta ne, shi ya sa lissafin watan Agusta yake yaudara. A yi lissafin da farashin harawa da dusa na watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40. Zomo ba ya jure wannan zafi: cin abinci ya ragu, barbarar namiji ta ƙi kamawa, masu ciki su galabaita. Kula da huɗu a inuwa, da ruwan randa safe da yamma, abu ne mai yiwuwa ga mutum ɗaya. Ashirin a ƙarƙashin kwano zalunci ne.

Kasuwar ma ba kamar ta kaza ba ce, da za ka fita da ita a saya nan take. Nemi masu saye tukuna.

Bayan ka ƙetare bazara ɗaya, ka ware 'yan mata daga uwar da ta fi shayarwa, ka sayo musu namiji daga wani gida, kada uba ya hau 'ya'yansa. Namiji ɗaya yana isar mata har goma.