Kwalliyar Da Ba Ta Biyan Kuɗin Sabulu: Samarinmu Da Baburansu Na Farko

Masu karatu a yi mani afuwa, yau babu labarin soyayya kuma babu sharhin littafi. Faɗa na zo yi, kuma da 'ya'yanmu da ƙannenmu zan fara, in ɗan taɓa mu marubuta, sannan in rufe da hukuma. Duk wanda abin ya yi wa zafi ya yi haƙuri, domin gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga abin da ya tunzura ni. Akwai ɗan wana a gida Nahuce, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, yaro mai ƙwazo wanda ba ya zaman banza. Damina uku yana noman waken suya yana ɓoye kuɗin, ya haɗa da na ƙwadago da na wani rago da ya yi kiwo, har Allah ya nufa ya tafi Gusau ya sayo ƙaramin babur mai injin 100cc, sabo fil a leda. Ranar da ya shigo da shi gida sai da uwarsa ta yi guɗa. Wanda ya san yadda kuɗin sabon babur irin Boxer ya haura Naira miliyan ɗaya a shekarar 2024 zai gane cewa yaron nan ba ƙaramin gumi ya zubar ba.

Bayan sati uku na koma gida, sai na kasa gane babur ɗin. Madubai biyu babu, sigina babu, kariyar baya da ake ɗaure kaya an kwance ta, an huda salansa an zare hanjinta, an cire matatar iska wai don injin ya riƙa "numfashi". A madadinsu an jera wasu fitilu shuɗaye a ƙarƙashin tanki, an ɗaura masa hon irin na tirela. Lamba kuwa ko zancenta ba a yi. Na ce masa, "Kai yaro, ina madubin?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, madubi ai na tsoffi na da malamman makaranta."

To, a kan wannan amsa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ba ne. Ka tsaya bakin titi a Gusau ko Tsafe ko Bungudu da la'asar ka ƙirga baburan samari goma, ka gaya mani nawa ne ke da madubi.

Kada wani ya ce ni maƙiyin kwalliya ne. Bahaushe bai taɓa hawa abu ya bar shi tsirara ba. Kakanninmu sun yi wa doki ado da jalala da tunjimi da dagumi, iyayenmu sun naɗe kekunan Rali da ledoji masu launi, direbobin manyan motoci sun cika bayan motocinsu da zane da karin magana. Wannan duk namu ne, kuma saurayin da ya yi wahala ya sayi abinsa yana da haƙƙin ya sa a gane nasa a cikin dubu. Amma ina tambaya: a duk hawan sallar da kuka taɓa kallo, kun ga wanda ya ƙwaƙule wa dokinsa ido don ya yi kyau? Kun ga wanda ya cire linzami don a ce ya iya hawa? Adon doki ƙari ake yi a kan lafiyayyen doki. Abin da yaranmu ke yi kuwa nakasa abin hawa ne, sun sa masa suna kwalliya. Ko a Ingila, samarin shekarun 1960 da suka yi suna wajen ƙawata Vespa da Lambretta, ƙara madubai suka riƙa yi har sai babur ya koma kamar shagon mai aski. Su sun yi wauta wajen ƙari, mu mun yi tamu wajen ragi, kuma tamu ce ke kai mutum wajen mai ɗori.

Bari in yi bayani dalla-dalla, don kada a ce ƙiyayyar tsufa ce kawai.

Madubi shi ne idon ƙeyar mai babur. A kan hanyar Gusau zuwa Funtua da ta ratsa Tsafe, ko ta Gusau zuwa Sakkwato da ta ratsa Bungudu, manyan motoci ne ke gudu dare da rana. Wanda ba shi da madubi, in zai kauce wa rami ko zai sha kwana, dole ya waiwaya da dukkan wuyansa, kuma a wannan ƙiftawar ido da ya ɗauke daga gabansa ne akuya ko yaro ko wani babur ke shigowa. In kuma bai waiwaya ba, tirela ta yi masa waiwayen.

Matatar iska kuwa, duk bakaniken kirki zai gaya maka ita ce ran injin a ƙasa irin tamu mai ƙura. In aka cire ta, ƙurar hunturu da yashin hanyar ƙauye suna bi ta kafireta kai tsaye su shiga cikin injin, su riƙa goge fistin da zobbansa kamar ana goga takardar yashi. Ba a jimawa babur zai fara hayaƙi, ya fara shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu. Salansar da aka huda ita ma tana ɓata ma'aunin iska da fetur da kamfani ya daidaita, injin ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima, alhali waɗannan ƙananan injuna iska kaɗai ke sanyaya su, ba su da ruwa. Ƙarar da saurayi ke ji yana tsammanin ƙarfi ne, kukan injin ne. Haka fitilu barkatai da hon ɗin tirela, ɗan batirin da aka yi don fitila ɗaya da sigina ba zai ɗauke su ba, sai ka ga dare ya yi fitilar gaba, wadda ita ce ta ceton rai, ta koma kamar aci-balbal. Wasu har sukan canza haƙoran sarƙa don ƙarin gudu, sai babur ya kasa hawa tudu da buhu ɗaya na masara.

Na ɗan wana bai cika wata biyar ba ya fara tusar hayaƙi. Kuɗin da ya kashe wajen sauke injin ya kai na buhunan da zai ci da gidansu wata guda. Kwalliya ke nan ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Amma duk wannan asarar mai babur ce shi kaɗai. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ƙarar, domin ita kowa take shafa. Jama'a, Zamfara muke fa. A ƙauyukanmu, shekaru da dama ke nan, rugugin babura da dare ma'anarsa ɗaya ce: a tashi a gudu. 'Yan bindiga a kan babura suke zuwa, biyu-biyu ko uku-uku a kan kowanne. Mutumin da ya taɓa kwana a cikin gero da 'ya'yansa yana toshe musu baki, kunnensa ba irin na mutumin birni ba ne. Wani dare yaron nan da abokansa uku suna dawowa daga zance, suka shigo gari a jere suna murza totur, ɗaya daga cikin salansoshin ta yi "tau! tau!" kamar harbi. Kafin a gane su waye, unguwa ta watse. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta faɗi a bakin zaure ta gurɗe ƙafa, yara na kuka, maza sun fito da abin da ya sawwaƙa a hannu. Da wani ya yi saurin hannu a cikin duhun nan, da yanzu ta'aziyya nake rubutawa. Wace irin burgewa ce wannan, ta tsorata uwar da ta haife ka?

Sannan a duba yadda hukuma ke kallon babur a yau. A watan Mayu na 2019 rundunar soja ta sanar da hana hawa babur a dazuzzuka da lungunan jihohi bakwai na Arewa, har da Zamfara. A 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura da dare, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar. A watan Yuni na 2022 an hana hawa babur a Mada da Wonaka da Ruwan Ɓore da yankin 'Yandoto, wato a cikin ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe. A watan Yuli na 2022 har gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a ƙasar baki ɗaya. Kano kuwa tun Janairun 2013 ta hana acaɓa, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A irin wannan yanayi, saurayin da ya iso shingen jami'an tsaro da babur mara lamba, mara takarda, mara madubi, mai ƙarar bindiga, me yake so a ɗauke shi? Shi da hannunsa ya ɗinka wa kansa rigar da ba tasa ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu rubutu da masu karatu. Daga ina yaro ya samo cewa ƙaramin babur yadda kamfani ya yi shi abin kunya ne, har sai ya canza masa kama da murya? Ku buɗe littattafanmu na soyayya, tun daga na kasuwar Kano har zuwa waɗanda ake sakawa a waya yanzu. Jarumi kullum daga tsaleliyar mota yake fitowa, yana kaɗa makulli, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Mai babur fa? Shi ne saurayin da uwar yarinya ke cewa a gaya masa ba ta nan, ko ɗan aiken da ke kawo wasiƙa, ko wanda zai fantsama wa jaruma ruwan kwata don mai mota ya samu dalilin tsayawa. Shekara da shekaru muna shayar da yara wannan, sannan mu yi mamaki in ɗan Nahuce ya hau abin guminsa yana jin kamar a kan kunya yake zaune. Tunda ba zai iya mai da shi mota ba, sai ya sa shi ya yi ƙarar da ta fi ta mota.

Alhali in gaskiya za a bi, wane abin hawa ne ya yi wa talakan Zamfara hidimar da ƙaramin babur ya yi? Shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare inda mota ba ta shiga. Shi ke kai taki gona, ya dawo da amfani. Shi ke kai malamin firamare ƙauyen da aka tura shi. Ɗan kabu-kabu da shi yake ciyar da gida, ya yi aure, ya sa yara makaranta. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci nawa ne suka jingine su suka koma kan babur ɗin da suke rainawa? Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ƙaramin babur na Honda da ake kira Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, an ƙera sama da miliyan 100 nasa zuwa 2017, babu wani abin hawa mai inji da ya kai shi yawa a tarihi. Duniya ta san darajar ƙaramin inji. Ina marubucin da zai ba mu jarumi mai babur, mai madubi biyu da rufin asiri, kuma ya auri jarumar a ƙarshe ba tare da ya tsinci gadon miliyoyi a babi na ashirin ba?

Hukuma ita ma ba ta fita ba. Duk sanda aka hana babur, ɗan bindiga da ke daji ba ya jin sanarwar, manomi da ɗan kabu-kabu da mai jinya su ke shan wuya. In ana son a bambance na kirki da na banza, a sauƙaƙa yin lamba da takardu, a kawo su kusa da mutane a Bungudu da Tsafe, a kan kuɗin da talaka zai iya. Dokar da aka ɗora wa mutane ba tare da an fahimtar da su ba, mun ga ƙarshenta a Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. An yi dariya, doka ta bi ruwa, kawuna kuma suka ci gaba da fashewa a kan kwalta. Masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kabu-kabu su ma suna da bakin magana: salansar da aka huda ba ta da wurin zama a garin da ke kwana da ido ɗaya. Ku kuma kanikawa, ku ji tsoron Allah, kun fi kowa sanin abin da cire matatar iska ke yi, kada ku karɓi kuɗin ɓatawa yau don ku karɓi na gyara gobe.

Kai kuma saurayi mai sabon babur, ga shawarar babanka. Ka yi masa fenti in kana so, ka ɗinka wa kujera riga, ka rubuta sunan mahaifiyarka ko karin maganar da kake ƙauna a bayansa. Amma ka bar madubi da sigina da salansa da matatar iska inda ka same su. Ka lallaɓa shi a farkon tafiyarsa kafin injin ya saki, ka riƙa juye baƙin mai a kan kari, ka duba birki da sarƙa da iskar taya, ka yi lamba, ka adana rasit ɗinka, ka sayi hular kwano ta gaske. Kuɗin fitilun nan shuɗaye sun isa rabin wannan.

Ɗan wana dai ya mai da madubinsa, bayan mahaifinsa ya kai shi gidan dattijuwar nan ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Abokansa sun yi masa dariya kwana biyu, suna kiransa malamin makaranta. Na ce masa ya amsa sunan, ai ba zagi ba ne.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, ya tsare mu da haɗarin hanya, ya shirya mana zuri'a. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake. Wassalam.