Kafin Makullin Tsohuwar Motarka Ya Ɓace, Karanta Wannan

Yau ba waya za mu duba ba, makullin mota ne. Na san wani zai ce mene ne haɗin makulli da fasaha? Ai akwai, sosai ma.

A nan Al-Jaradiya, a kudancin Riyadh, da yawa cikin 'yan uwanmu tsofaffin motoci suke ja: Camry, Corolla, Accord, wasu sun haura shekara 15. Kuma yawanci da makulli ɗaya tilo aka sayo su. Ra'ayina a taƙaice: ranar da ka karɓi irin wannan mota, ranar ya kamata ka yanko na biyu, tun kafin ka sa mata sabuwar rediyo ko allon Android.

Dalili shi ne baƙar robar da ke kan makullin ba ado ba ce. A cikin motoci da yawa akwai 'yar ƙwayar lantarki a ciki, wadda masu sana'ar ke kira cip. Ba ta da batir. Wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne ke ba ta wuta ta iska, ita kuma ta mayar da lambar sirri. Idan lambar ba ta yi daidai ba, ƙwaƙwalwar mota ta hana injin tashi. Wannan tsarin shi ne imobilaiza, kuma Jamus da Ingila sun wajabta shi a sababbin motoci tun 1998. Kun tuna Kia da Hyundai marasa shi da yara suka riƙa sacewa a Amurka da kan wayar caji, har abin ya cika TikTok? To, amfaninsa ke nan.

Ba kowace tsohuwar motar Gulf ke da shi ba. In kana son gwadawa, naɗe kan makullin da takardar alminiyom sosai ka murza. In ta ƙi tashi, akwai cip. Shi ya sa makullin da mai yankan makullin gida zai yi maka zai buɗe ƙofa lafiya lau, amma injin ya yi ta juyawa a banza.

Idan kana da makulli mai aiki a hannu, abin mai sauƙi ne. Da ƙaramar na'ura irin Xhorse VVDI Mini, mai gyara zai kwafi cip ɗinka cikin 'yan mintoci. Ko kuma ya jona kwamfutarsa, kamar Autel IM508, a ramin OBD da ke ƙasan sitiyari, ya yi wa sabon makulli rajista. Ni na fi son na biyun. Makullin da aka kwafa, mota tana ganinsa a matsayin na asali ne, ba ta bambance su. Amma ta hanyar rajista, ana iya goge wanda ya ɓace, wanda ya tsince shi ba zai iya tayar da motar ba. Masu Toyota ku lura: baƙin makulli shi ne babba, mai ruwan toka ba ya iya ƙara wani.

In kuwa duka sun ɓace, nan ne ido ke raina fata. Ko dai ka kira saɗaha ta ɗauki motar zuwa Sina'iyya, ko ka biya mai gyara ya zo inda take. A wasu tsofaffin Toyota masu cip 4C, sai an ciro ƙwaƙwalwar an sake rubuta ta, ko a canza ta gaba ɗaya. Mai aikin kai kaya ko ɗaukar fasinja ya san me kwana biyu babu mota ke nufi ga aljihu.

Sai batun yankan kansa, wanda mutane ke rainawa. Makullin da ya shekara 15 yana shiga yana fita ya riga ya cinye. In aka ɗora shi a inji aka kwafa, har cinyewar aka kwafo maka. Nemi shagon da ke da injin da ke karanta haƙoran ya yanka bisa ainihin lambar kamfani, irin Xhorse Dolphin. In motar ta zo da ɗan ƙaramin ƙarfe mai lamba a jikin makullin, ɗauki hotonsa ka adana. Wakilin kamfani, kamar Abdul Latif Jameel ga masu Toyota, shi ma hanya ce, sai dai ka fara tambayar farashi da kwana nawa za ka jira.

Wasu na jin haushi in mai shago ya ce su nuna istimara da iƙama. Wallahi ni wanda bai tambaya ba ne nake tsoro, don yadda ya yi maka ba bincike, haka zai yi wa wanda ya zo da makullin motarka. Ka tafi da takardunka, ko ka buɗe Absher ka nuna masa. Kuma kada ka biya sai ka gwada sabon a ƙofa da but, ka kuma tayar da motar da shi, tsohon yana nesa da sitiyari.