A bari shaidar da ta makara ta shiga kotun apel



Ku ɗauki misalin mutumin da ya sayi sa a kasuwar Gazawa. Bayan sati biyu wani ya zo ya ce sansa ne da aka sace. Jandarma suka kama mai sayen. Irin wannan shari'a ta "an kama shi da kaya a hannu" ba ta ɗaukar lokaci, cikin ƴan kwanaki an yanke hukunci. Dillalin da aka yi ciniki gabansa ya tafi biɗa Kano, tikitin kasuwa kuma yana aljihun wata tsohuwar riga a ƙauye. Sai bayan an kai mutum kaso dillali ya dawo, tikiti ya fito. To yanzu fa?

Dokar shari'ar laifuka ta Nijar, wadda asalinta tun 1961 ne, ta ba wanda aka yanke wa hukunci kwana 10 ya yi apel, wato ya ɗaukaka ƙara. Amma a can sama dosiye alƙalai suke dubawa, kuma ba a sauraren shaida sai in kotu da kanta ta ga dama ta kira shi. Nan ne nake da magana. In takardun da suka ɗaure mutum su kaɗai za a sake karantawa, mi zai canza?

Na san abin da wasu za su ce: in an buɗe ƙofa, masu kuɗi za su sayo shaidun zur. Gaskiya ne, ana yi. Amma maganinsa tambaya ce. Mai kawo sabuwar shaida ya faɗi dalilin da ya hana shi kawo ta tun farko, mai sa da mai gabatar da ƙara su ma a ba su dama su ƙaryata ta. In kuma kotu ta ƙi karɓa, ta rubuta dalilinta a cikin hukunci, kowa ya gani.

Saura wahalar hanya. Shekara da shekaru Damagaram aka riƙa kai apel ɗin mutanen jihar Maradi, daga Gidan Runji kusan kilomita 300 ke nan. Wane dillali zai bar ranar kasuwa ya biya mota don ɗan wani? Alhali kotun sama tana iya sa alƙalin da ke kusa ya ɗauki maganarsa ya aika.

Iyalan wanda ke tsare, kada ku tsaya jiran dawowar shaida kwana 10 su wuce. A fara rubuta apel a ofishin girefiye, ko daga cikin gidan kaso. Wanda ba ya da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa ƙarfi a shari'a.